Tangaɗin Kawu Sali

Zuwa ga ɗana Hamadu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aiki a Duwala? Ina Asabe da yara? Mu nan Garwa lafiya lau.

Na ji saƙon da ka aika wa Kawunka Sali, wai ya bar shan giya don yana kunyata dangi. Daga jin ana cewa yana tangaɗi a kasuwa, harshensa na harɗewa, sai ka yanke hukunci. Ba haka na rene ka ba.

Ni na kai shi lopital. Likita ya ce ya taɓa hancinsa da yatsa, yatsan ya zarce kunci. Da aka ɗauki hoton kansa, ya nuna mana wata ƙaramar ƙwaƙwalwa a ƙeya, ƙarƙashin babbar. Babbar ke ba da umarnin motsi, ƙaramar kuma ke auna shi, ta daidaita tsayuwa, taku, hannu, har da harshe. Hawan jini ne ya taɓa ta. Hankalinsa garau yake.

Likita ya ce sauƙinsa na cikin yawan gwada tafiya, amma ƙanen nawa ya ƙi fita ko zaure. Ya ce mini, "Adda, na 'yan kasuwa bai dame ni ba. Amma har Hamadu?"

Ka ba shi haƙuri da bakinka, ba a rubuce ba. Ku sa shi a addu'a. Ka gaida Asabe da jikokina. Kada ka kira ni sai ka kira shi.

Mahaifiyarka,
Hajara