Kuwwar da na yi wa tobashina a kasuwar Filinge

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, masu sharhi da masu leƙe su wuce. Admin, ɓoye sunana kamar yadda tsohuwa ke ɓoye goro. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, ni lakwal ɗina, wato boko, a aji huɗu ya ƙare, ranar da mushe, malaminmu, ya tambaye ni babban birnin Faransa na ce mishi Dosso. Tsoho ne ni, mai gemu fari da baki marar linzami, kuma bakin nan ne ya kawo ni gabanku.

Kun dai ji labarin ɗan sandan da ya harbe mutum a kasuwar Filinge, shi ba bakin aiki yake ba, cikin riga da wando na gida ya zo cinikin rago, da ƙaramar bindigarshi a ƙugu. Tun ranar gari ya rabu biyu. Wasu na cewa ya yi daidai, ɓarawo ne anka yi wa kuwwa, ga zabin da ya sato a hannunshi, a wannan zamani da daji ya lalace wa ke tsayawa tambaya. Wasu na cewa wa ya aike shi, mutum yana hutu me ya kai bindiga cikin kasuwa, kuma tun yaushe zabo ya zama kuɗin rai. A rediyo an yi, a waya an yi, a fadar masu shayi har an kusa ba hammata iska. Kowa na tambayar ina mai zabin da ya yi kuwwa, don masu bincike sun neme shi ya ɓace. To jama'a, ga mai zabin nan yana rubuto muku.

Wanda anka harbe, bari in ce mishi Dogo, tobashina ne, ɗan autan kawuna, garinmu ɗaya can wajen Tabla. Kun san wasan tobasai. Ni ke ce mishi bawana, shi ke ce mini tsohon banza. In ya same ni a kasuwar ƙauyenmu sai ya fizge abin da ke hannuna, hula ko goro ko igiyar akuya, ya ruga, ni kuwa in ɗaga murya in ce ɓarawo, ku tare mini shi, mutane su yi ta dariya, wani ma ya ce Dogo ƙara wuta, tsohon ba ya iya gudu. Da haka munka tsufa, shi da furfurarshi kaɗan, ni da tawa cike da kai.

Ranar, zabin uwargida na kai Filinge don can sun fi daraja. Ban san Dogo ya shigo gari ba. Ina tsugune ina gardama da wani mai saye sai na ji an fizge zabin ta baya, na waiga na ga dogon wuyan nan na ratsa mutane. Wallahi daɗi na ji. Na miƙe na buɗe maƙogwaro, ɓarawo, ɓarawo, ku tare shi. Na manta nan ba ƙauyenmu ba ne, ba wanda ya san mu, rabin kasuwar baƙi ne da tashin hankali ya koro daga garuruwansu, kowa zuciyarshi a hannu. Kuwwar ta bar bakina ta shiga bakin jama'a. Daga baya ɗan sandan ya ce ya yi wa Dogo tsawa ya tsaya, sai ya juyo ya kai hannu ga wuƙa. Wuƙa kam akwai ta a damtsenshi kamar kowane mutumin karkara. Amma ni ina kallo. Dogo ya juyo ne ya yi mini gwalo.

Da ƙarar bindiga ta tashi kasuwa ta watse, ni ma na bi masu gudu. Ni da ake cewa ba ni iya gudu, ranar na iya. Na dawo gida na ce wa uwargida zabi sun ɓace cikin turmutsitsi. Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna ba takalmi. Da labari ya iso cewa Dogo ne, da zabi a hannu, ta sake dubana, har yau ba ta tambaye ni ba, kuma ta daina yi mini faɗa. Duk wanda ya san matar nan ya san shirunta ya fi faɗanta zafi.

Abin kunyar bai tsaya nan ba. Na zauna a fada ana gardamar, har na sa baki, na gyara hula na yi jawabi kamar wanda ya gama makarantar alƙalai, na ce laifin na masu ba yara bindiga ne su je da ita gida. Anka ce Baba ya faɗi gaskiya, anka miƙo mini shayi. Na sha. Shi kuma ɗan sandan, yaro ne, yana tsare, an ce bai daɗe da aure ba, baƙo ne a ƙasarmu ta Kurfai, bai san wasanmu ba, abin da kunnenshi ya ji shi ne ɓarawo, kuma daga bakin dattijo. In na fito na ce wasa ne, na wanke Dogo, shi na ƙara mishi nauyi, don ya tabbata marar laifi ya kashe. In na yi shiru, ɗiyan Dogo za su girma ana nuna su da baki. An riga an fara, ranar nan wajen rijiya wata ta ce wa matarshi ta matsa da tulunta kar guga ya ɓace.

Amma abin da ya hana ni barci Inna ce, uwar Dogo, matar kawuna, wadda ta goya ni ina ƙarami, yanzu idonta ya tafi. Kun san ko a zaman makoki tobashi ba ya barin wasa, shi ke tsokanar mamaci don masu kuka su samu su yi murmushi. Ranar sadaka kowa na jira in buɗe baki, na kasa. Inna ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce kai tsohon banza, bawanka ya tafi ba ka zage shi ko sau ɗaya ba? Duk gari na ce mishi ɓarawo, ni kuwa a bakinka kaɗai kalmar nan ke yi mini daɗi, faɗe ta in ji. Jama'a, na yi shekaru ina kiran sunan nan da dariya, ranar na kasa faɗinshi. Na ce Inna mura nike yi. Ta ce to, in ta sake ka ka dawo, ina nan. Ban sani ba ko ta sani ne, ko kewar ɗanta ce kawai.

Kurkuku ba ta ba ni tsoro sosai, tsoho ko a gida ɗaurarre ne. Hannun Inna nike tsoro, kar in faɗa mata gaskiya ta saki nawa. To ku gaya mini, in fara zuwa wurin masu bincike ne, ko in fara durƙusawa gaban Inna? Kuma in na durƙusa da me zan fara? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma ku haɗa da shawara, don kullum da safe tana aiko a tambaye ni ya jiki, ko murar ta sake ni.