Gidan da Nake Biya da Dala

Asabar, 15 ga Janairu, 2022
Mun tare a Oyibi. Ɗaki uku, har da na littattafaina. Yarinyar banki ta shimfiɗa mini bashin gida iri biyu: na sidi, kuɗinmu na Ghana, ruwansa ya doshi talatin cikin ɗari, yana hawa yana sauka yadda ya ga dama, na dala kuwa sha biyu, a tsaye cak, shekara goma sha biyar. Na zaɓi dala. Ɗari biyar a wata, wato sidi dubu uku da 'yan kai. Albashina da cinikin atamfar matata Esinam sun ɗauka.

Yayanta, Efo Kodzo, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango. "Tica, gidan banki ya yi kyau. Haya suka ba ka?" Na ce, "Efo, shekara goma sha ɗaya kana ɗora bulo ɗaya-ɗaya a Dodowa, ƙadangaru sun riga ka tarewa." Kowa ya yi dariya. Shi ma ya yi.

Laraba, 9 ga Maris
Dala ta haura sidi bakwai. Na koyar da tarihin faɗuwar dauloli shekara ashirin, ba zan firgita da wannan ba.

Lahadi, 12 ga Yuni
Takwas. Na sake karanta takardar jinginar, shafi goma sha tara. Ruwan bai motsa ba, gaskiya suka faɗa. Ƙasar da nake tsaye a kai ce ke motsi. A shafi na sha huɗu akwai wani layi: in an tsallake wata uku, gidan nasu ne. A Janairu na gyara musu waƙafi a wannan layin.

Litinin, 22 ga Agusta
Goma. Esinam ta daina sa kifi biyu a tuwon banku. Da ma ta yi faɗa.

Alhamis, 20 ga Oktoba
Na je banki in roƙi a mayar da bashin zuwa sidi. Yarinyar ta ce za a iya, amma a farashin yau, kuma da ruwan yau. Ta juyo mini da na'urar lissafi. Wata tara ina biya, abin da ake bina a sidi ya ninka abin da na ranta. "Baba, ko ruwa za ka sha?" Na ce na sha isasshe.

Biyan Satumba bai cika ba. Na Oktoba babu.

Juma'a, 4 ga Nuwamba
Wani mai farar mota ya tsaya a ƙofa, ya ɗauki hoton gidan. Bai gaishe ni ba. Na tambayi haya a Adenta, don sani kawai: kuɗin shekara biyu a dunƙule, tun kafin a ba ka makulli.

Esinam ta ce, "Tica, ka kira Efo." Na ce in kira shi in ce me?

Asabar, 19 ga Nuwamba
Mun je Dodowa, gaisuwa kawai. Ya rufa kwano a ɗaki biyu. Ba filasta, taga leda ce, wutar ma daga maƙwabci aka jawo. Na shirya wa zolaya tun daga tasha, har na tanadi amsa. Bai yi ba. Ya buɗe ɗaki na biyu ya ce, "Ƙadangarun sun ce za su matsa. Sai dai ban san ko littattafanka za su shiga ba."

Na auna da ƙafa, ba don komai ba. Tsawo taku goma sha ɗaya, faɗi tara. Hasken safe yana shigowa sosai.

A hanyar dawowa na sayi kwalaye shida wurin mai shago. Na kuma tambayi kuɗin bulo ɗaya.