Kafin A Yi Masa Aikin Ido

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa ta ƙani ga yayarsa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramin namu da ƙwallo ta ɗauke wa hankali.

Kin dai san ni. Da injin walda ɗaya na fara, a bakin titi, ƙarƙashin fallen kwano. Yau ina da shago mai ƙofa uku, na gina gidana, na sa yara makaranta har sun wuce inda na tsaya, ba wanda ya ɗaga mini ko guduma. Ƙofar da na haɗa kuwa, nakan bugi ƙirji in ce sai dai ginin ya faɗi ya bar ta. Na faɗa ne don ki san ba mai wasa da abin da ba shi da tabbas ke rubuto miki ba.

Maganar Autarki ce, wadda kika bar mini tun tana firamare. Saƙonki ya iso cewa a dakatar da aurenta da yaron nan mai gyaran waya, sai an ga yadda aikin idonsa ya kaya. Ban ga laifinki ba. Likita ya ce yana iya warkewa, yana kuma iya rasa ganin gaba ɗaya, ga sana'arsa ta ido ce. Da farko ni ma bayanki na bi. Shi kansa yaron ya zo shago, ya ce in gaya mata ya sauke mata alkawari. Da na gaya mata, sai ta ce in ta jira ya warke tukuna, to idonsa ta aura, ba shi ba. Ta tambaye ni ko akwai auren da zan iya bugun ƙirji a kansa kamar ƙofa. Na ce ga nawa nan.

Uwar yara tana guga a gefe, sai ta yi dariya har ta ajiye dutsen gugar. Ta ce a farkon aurenmu akwatinta a shirye yake ƙarƙashin gado, don ba ta san ko za ta iya zama da mai taurin kai irina ba. Ni kuwa duk zatona kayan sanyi ne a ciki. Ta ce ba ta kwashe kayan ba sai lokacin da hasken walda ya ƙona mini ido, na kwanta da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, ina laluben hannunta ina tambaya ko tana nan. Yaya, ni da ke cewa ba wanda ya taɓa riƙe ni, ashe ita ce ta riƙe ni.

Ba zan ce miki zai warke ba, ban sani ba. Wataƙila ’yarki ta sha wuya, kuma ta san haka, ba yarinya ba ce. Abin da take roƙo shi ne ranar da za a cire masa bandeji, ko ya gani ko bai gani ba, ya kasance hannun matarsa ya laluba. Ki sa musu albarka, don ta ce ba za ta motsa ba sai kin yarda.

Ki gaida maigidanki, da babban ɗanki da amaryarsa, da ’yan biyu. Uwar yara na gaishe ki, har yanzu tana mini dariya.

Abu ɗaya na nema. In kin amince, a rubuta sunana cikakke a takardar auren, shaida na farko, da sana'ata a gefe. In abin ya yi daɗi, a san da ni aka yi. In ya yi ɗaci, kada a nemi kowa, sunana na nan a rubuce.

Ƙaninki mai walda.