Takalman Hajara

Ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Kano, ya Safiya da yara? Mu nan Wurno lafiya lau, sai godiya.

"Yaya, ba wanda zai gane labarin Hajara ne." Haka ka ce mini kafin ka fara fim ɗinka. To, daga Rabah har Goronyo an kalle shi a waya, kuma an gane. Mata nawa ne ke kwana da takalmi a ƙafa tun ranar da 'yan bindiga sunka shiga garin mijinta?

Wasu sun yi kuka. Gwaggo ta ce aljanar gulbin da ta wanke zuciyar matar a fim ɗin shirka ce. Duk wannan bai dame ni ba. Waɗanda fim ɗin ya burge su ne damuwata, don su ke shigowa suna ce wa 'yar'uwarmu Hajara, "Ke mi kike jira? Ta fim ma ta yafe, ta cire takalminta." Na karanta littattafai, na san labari yana son ƙarshe. Amma Hajara ba ta kai nata ba, kuma babu aljanar da za ta zo mata. Yanzu ko gidan suna ba ta zuwa.

Ka gaida mutanen gida, ku sa ta a addu'a. Ka zo ka nemi gafararta kafin ƙaramar Sallah. In ba ka zo ba, zan ba masu kallo sashen da ka yanke: ƙanen da ya hau babur ranar harin ya bar ta.

Yayarka,
Balkisu