Rigar da Ake Gogewa Kullum

Barkin Sale, Minna
4 ga Maris, 2006

Ƙanwata Husna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da kowa a Bida. Mu ma lafiya, sai zafi.

Kin ce in koya miki rubuta littafi. Ni ma ban gama ko ɗaya ba, na dai karanta na haya da yawa. Ga abin da na sani: kada ki ba mai ƙaunarki ya duba miki. Karanta wa wanda hannunsa ke cikin aiki.

Ni Anti Felicia mai kitso nake karanta wa, kaina a cinyarta. Na karanta mata babi uku na labarin wani ɗan attajiri a Abuja, mai gidan bene da motoci bakwai. Hannunta bai tsaya ba ko sau ɗaya. Da na gama, sai ta tambaye ni ko na taɓa shiga irin gidan. Na ce a'a. Ta ce ta ji alama, don ba wanda ya ci abinci a cikinsa.

Na ajiye labarin. Ki gaishe da Inna.

Yayarki,
Safiyatu

19 ga Afrilu, 2006

Husna,

Bayan gaisuwa da fatan kin ji sauƙin zazzaɓin, ga shawara ta biyu: rubuta abin da idonki ya gani, ko da ƙarami ne.

Na fara sabon labari. Wani mutum ne, Zamani, da aka sallama daga aiki bai gaya wa matarsa ba. Kullum da safe yana goge farar riga, ya ɗauki jaka, ya fita ƙarfe bakwai. Matar ta ga takardar sallamar a aljihunsa ranar wanki, ta mayar, ta ci gaba da yi masa a dawo lafiya. Shi kuwa tashar jirgin ƙasa yake zuwa, ya zauna a inuwa har la'asar.

A nan hannun Anti Felicia ya tsaya, har ta bar min rabin kai a tsefe. Sara maƙwabciyarmu ta ari littafin, daga ita ya wuce gida na gaba. Haka ake yi a layinmu, littafi ba ya kwana biyu a hannu ɗaya.

Wannan ki riƙe a cikinki, ko Inna kada ta ji. Takardar gaskiya ce. Kamfanin gine-ginen da maigidana yake wa aiki ya sallame shi tun Janairu. Bai san na sani ba. Na sauya suna, na mai da garin Kaduna. Zaman tasha kuwa ni na ƙirƙira, don ban san inda yake wuni ba.

Taki,
Safiyatu

7 ga Mayu, 2006

Husna,

Ina gaisuwa. Muna nan da rai.

Na sauya suna da gari, amma na bar jakar. Baƙa ce, mai hannu ɗaya da aka ɗinke da zaren buhu, kuma haka na rubuta ta. Duk layin nan ba wanda bai san ta ba.

Ba wadda ta ce min komai. Ran Juma'a dai kwanuka suka fara shigowa: shinkafa daga gidan Sara, doya daga Anti Felicia, manja daga gidan Ndayako mai shago. Kin san mutanenmu, ba a yin jaje hannu rabbana. Maigidan ya dawo ya tarar da su jere a bakin ƙofa, alhali ba haihuwa ba rasuwa. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya tambaye ni wa ya gaya musu. Na je gidan da littafin yake, na karɓo, na miƙa masa.

Ya karanta a tsaye, har ƙarshe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wuri ɗaya ne na yi ƙarya: bai taɓa zama a tasha ba. Unguwar Chanchaga yake tafiya, can gefen gari inda ba a san shi ba, ya ninke farar rigar a jaka, ya karɓi babur ɗin wani ya yi acaɓa har yamma. Abin da muke ci ke nan wata huɗu. Ya nuna min ƙunar salansar babur a ƙaurinsa. Na ganta tun tuni, ban tambaya ba.

Saboda haka ga ta uku, kuma ba ni da wata: kafin ki ba duniya mutum, ki tambaye shi. In ba za ki iya tambayarsa ba, ba ki san shi ba tukuna.

Kwanukan ya ce kada a mayar, mayarwa cin fuska ne. Muna cin shinkafar. Littafin ya ajiye min a kan gado, ya ce in zan rubuta shi, in rubuta shi daidai. Daga wannan bai ƙara ce min komai ba sai sallama, yau kwana biyu. Ban sani ba ko izini ne.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Inna, ki ce mata muna lafiya.

Yayarki,
Safiyatu