Gudu Ni Kaɗai a Ƙofar Sauri

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fata kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, jikin Inna da sauƙi.

Zaman karatun ƙarshe ya sa na yi ƙiba sosai. Ina tsoron a kira mu bautar ƙasa in kasa fareti, shi ya sa na koma gudu bayan asuba. Likita ya auna jinina, ya ce in riƙa haɗa tafiya da sassarfa, in tsaya da zarar gwiwa ta yi ciwo.

Shekaranjiya a Ƙofar Sauri, Malam Ilu mai shayi ya tare ni hankali tashe: “Subhanallahi! Jikin Inna ne?” Na ce motsa jiki nake. Ya ce, “Haba Aminu, ƙato kamarka a guje shi kaɗai, ai sai ka tsinka mana zuciya!” Da tafiya na koma gida.

Da muke fita mu biyu, ba wanda ya taɓa tambaya. Ban sake fita ba, amma gobe zan gwada, in sha Allah.

Ka sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Aminu