Tsuntsayen da Muka Kwaso a Bakin Teku

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyarmu ta Ɗalibai, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, Malam Shugaba, sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ka fita. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na ɗaya. A rihla, wato balaguron da ka jagoranta zuwa bakin teku bayan Babbar Sallah, idonka ya ga abin da namu ya gani: 'ya'yan tsuntsayen ruwa zube a kan yashi iya ganinka, gashinsu ko gama fitowa bai yi ba. Yawancinsu sun mutu, sauran suna numfashi da ƙyar. Masuntan wurin ba su taɓa ko ɗaya ba, karnuka ma sunsunawa suke su wuce.

Na biyu. Maimakon mu tambayi abin da ke kashe su, sai muka kafa muhawara kan yankan dabbar da ta kusa mutuwa. Ka jawo ƙaulin malamai, ka ce muddin tana motsi a yi maza a yanka kafin ta zama mushe. Ba na wanke kaina, ni ma na riƙe wuƙa. Buhu biyu muka cika, aka dafa rabi a masaukinmu na unguwar Darrasa, rabi aka sa a firjin ƙungiya.

Na uku. Abokin ɗakina Mudassir, wanda ya fi kowa cin farfesun, yau kwanansa tara a asibiti a Giza, ƙodarsa ta ƙi aiki. Kai kuma ka aiko kowa ya ja bakinsa, kada masu ba mu tallafin karatu su ji su hana rihla. Haba Malam! Wallahi raina ya ɓaci, tsoro kuma ya hana ni karatu.

To, jiya na gaya wa likita gaskiya. Ya ce sai ya gwada sauran naman kafin ya san maganin da zai bayar, makullin firjin kuwa yana aljihunka.

Ina roƙonka ka kai naman asibiti yau, ka kuma sanar da hukumar muhalli inda tsuntsayen suke. Mahaifiyar Mudassir kullum sai ta kira ni daga Gusau, ina ce mata zazzaɓi ne. Khalas, na gama yi mata ƙarya. In ta sake kira, lambarka zan ba ta.

Allah Ya ba Mudassir lafiya, Ya yafe mana, Ya yi maka jagora.

Wassalam.
Ɗan'uwanka, Sagiru, Darrasa.